Matakin ƙafar babur: tun yana girgiza ake kama shi

Ƙannena masu hawan babur ɗin nan mai dogayen ƙafafu, wanda ake bin kwalta da shi kuma a kutsa daji da shi, ku lura da abu ɗaya. Da zarar hanya ta lalace, mai tuƙi yakan tashi daga kujera ya tsaya a kan matakan ƙafa, domin gwiwoyinsa su riƙa shanye girgiza. Daga wannan lokaci nauyinsa gaba ɗaya, da jakar da ke bayansa, da duk bugun da rami ya aiko, suna sauka ne a kan ƴan ƙarafa biyu da tafin hannu zai rufe. A wasu daga cikin irin waɗannan babura, bol biyu ne kacal ke riƙe da kowane mataki a jikin firam. Idan mataki ya ɓalle kana zaune, tsoro kawai za ka ji. Idan ya ɓalle kana tsaye, ƙafarka ƙasa za ta nufa da saurin da babur ke tafiya, kuma in na dama ne, birkin baya ya tafi ke nan a daidai lokacin da kake neman sa.

Babur ɗin da ya yi suna da wannan lalura shi ne Kawasaki KLR650, wanda aka fara sayarwa a 1987. Babur ne mai juriya, amma mariƙin matakinsa ana ɗaure shi ne da bol biyu masu kaurin milimita 8, su kuma suna shiga cikin wasu ƙananan notuna da aka liƙa a cikin wani ɗan akwatin ƙarfe a ƙasan firam, inda ido ba ya gani, hannu ba ya kaiwa. Haƙoran waɗannan notuna su ke cinyewa. Sauran babura kowanne da irin ginin da aka yi masa, amma ciwon kusan iri ɗaya ne, kuma hanyar da yake bi ya kama ba ta canzawa.

Ni dai nawa da ƙara ya fara, ɗan “ƙas” idan na taka na miƙe. Na sa hannu na girgiza matakin, na ji yana ɗan motsi, na ce ai ba komai, kwana biyu zan duba. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, bol ɗin da aka ɗaure da kyau ba shi ke ɗaukar nauyin kai tsaye ba. Aikinsa ya matse mariƙi a jikin firam sosai, har ƙarafan biyu su zama kamar guda, sai matsin ya riƙe nauyin. Ranar da ya ɗan saki, matsin ya tafi, duk takun da ka yi sai ya lanƙwasa bol ɗin kaɗan ya kuma ciji haƙoran noti. Haƙora biyu ko uku na farko su ke shan mafi yawan wahalar, su ke fara zubewa. Da na tashi kwancewa, sai ga garin tsatsa ja mai laushi ya taru a gindin bol, ga ƴan siraran zoben ƙarfe naɗe a jikinsa. Waɗannan zobba haƙoran notin ciki ne da suka yanke suka biyo shi. In ka ga jan garin nan a inda ƙarfe biyu suka haɗu, ka sani suna gogar juna, ko da hannunka bai ji motsi ba.

Maganin da na fara yi shi ne na kowa, na ƙara wa sifana tsawo da bututu na danna. Ya yi tauri, ya ƙara tauri, sai kuma ya yi laushi a hannuna yana juyawa ba ya kamawa. Bol mai milimita 8 na ajin 8.8, wato lambar ƙarfi da ke buge a kansa, ba ya son ɗaurin da ya wuce wajen Nm 25 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), kuma da doguwar sifana yaro ma zai ninka hakan bai sani ba. Ku nemi sifana mai awon ɗauri, ku duba adadin da littafin babur ɗinku ya faɗa, ku tsaya a nan.

Daga nan na shiga wautar da na fi ganin matasa suna yi. Na ce tunda abu ya gaza, bari in sayi bol mafi ƙarfi. Lambobin da ke kan bol suna da ma'ana: 8.8 na jure jan kusan MPa 800 (MPa ma'aunin jan da ƙarfe ke jurewa ne), 10.9 kusan 1,000, shi kuwa 12.9 kusan 1,200. Na ɗauko 12.9 ina murna. To amma ai ba bol ne ya gaza ba, noti ne. Da ka zura bol mai tauri cikin noti mai laushi da ya riga ya rasa rabin haƙoransa, ka ba shi damar ƙarasa sauran ne kawai. Kuma akwai wata hikima da masu ƙira ke bi, gwamma bol ya karye da a ce haƙoran firam sun cinye, domin bol ana zare shi a sa wani, firam kuwa sai an yi masa tiyata. Ajin 10.9 ya wadatar a nan idan notin da zai shiga lafiyayye ne. Af, kada ƙyalli ya ruɗe ku da bol ɗin nan fari da ba ya tsatsa. Wanda aka rubuta wa A2-70 ƙarfinsa MPa 700 ne, bai kai 8.8 ba, ga shi da son cijewa a cikin rami ya ƙi fita.

To me ya kamata a yi? Ya danganta da yawan naman ƙarfen da ya rage a ciki, don haka sai ka haska fitila ka leƙa kafin ka yanke shawara.

In notin na nan daram a liƙe, haƙora ne kawai suka tafi, ana iya sa masa sababbi. Akwai naɗaɗɗiyar waya irin ta Helicoil, akwai kuma ɗan bututu mai haƙora ciki da waje irin na Time-Sert. Za a faɗaɗa ramin kaɗan, a yanka haƙora, a murɗa abin ya zauna, bol mai milimita 8 ya koma mazauninsa. A wurin da ke shan duka irin wannan na fi yarda da bututun. Wasu kuma kan haura zuwa bol mai milimita 10. Idan mai ƙananan haƙora ne, mai tazarar milimita 1.25 tsakanin haƙori da haƙori, bakin huji na milimita 8.8 ake sawa, idan mai tazarar 1.5 ne, na 8.5. Wannan na yin aiki, sai dai ka tuna notin da ke ciki don bol na 8 aka yi shi, duk abin da ka rarake daga bangonsa kake ragewa. Sannan dole a faɗaɗa ramukan mariƙin su ma. Wajen huji kuwa a yi haƙuri, a riƙe injin a miƙe, a sa mai, a riƙa juya mayankin haƙoran baya kaɗan don ya zubar da gari. Ramin da ya karkace ba ya barin kan bol ya kwanta daidai, kuma bol ɗin da kansa bai kwanta ba zai sake saki komai ɗaurin da ka yi masa.

Gyaran da ya raba ni da matsalar shi ne mai wahalar. An yanke ƙasan ɗan akwatin, an fitar da tsofaffin notunan, an sa dogaye masu ƙarfi a madadinsu, an yi musu walda, an mayar da murfin an rufe. Dabarar da ke ciki ita ce, kafin a kunna wuta sai a ɗaura mariƙin da bol ɗinsa a cikin sababbin notunan, a ɗan ɗiga walda ta riƙe su a inda suke, sannan a kwance a ƙarasa. In ba haka ba zafi zai ja su gefe, ka tashi ɗaurawa ka tarar ramuka ba su haɗu ba. A ƙarfe, bol na buƙatar ya shiga cikin haƙora aƙalla gwargwadon kaurinsa, a alminiyam kuwa ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. Ka auna tsawonsa kuma, domin bol ɗin da ya yi tsawo ya tokari bango a ciki zai yi maka tauri a hannu alhali mariƙin bai matsu ba.

Kafin in kai ga wannan, sai da na yi gyaran gangar Auzinawa. Na gaji, na ce wa wani mai walda ya liƙe mariƙin a jikin firam kowa ya huta, shi kuma bai musa ba. Motsi ya tsaya, gaskiya ne. Amma babur na daji faɗuwa yake yi, kuma mataki na cikin abin da ke fara dukan dutse. Da can mariƙi ne zai lanƙwashe ko bol ya tsinke. Yanzu da na mai da su abu guda, dukan ya wuce kai tsaye zuwa bututun firam, ya tsage shi a gefen waldar, inda zafi ya riga ya raunana ƙarfen. Duk ƙarin ƙarfin da za ka yi, ka tambayi kanka, in wannan wurin ya ƙi karyewa, ina ne zai karye a madadinsa? Idan amsar firam ce, ka ja da baya. Haka nan idan za a ƙara ɗan ƙarfe mai kusurwa uku don tallafi, kaurinsa ya yi kusa da na bangon firam. Katon faranti a jikin siririn bututu tsaga yake haifarwa a bakinsa.

Idan tsaga ta riga ta bayyana, ba a shafa mata walda a sama kawai. A kankare fenti a ga iyakarta, a huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba, a goge ta ta buɗe baki, sannan a cike. A cire tankin mai a kai shi nesa, a kwance batir, a zare filogin akwatin wutar injin, a maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da wurin aikin don kada wuta ta bi ta cikin boris ta ƙona shi. Firam na alminiyam kuwa ba na kowane mai walda ba ne, zafi na kashe taurin da aka gasa masa a masana'anta. Bayan an gama a yi fenti, a fesa mai a cikin akwatin notunan, domin ruwa da laka a nan suke kwana.

Ku yi hattara da kayan ƙari. Faffaɗan mataki da wanda aka saukar ƙasa don dogon mutum suna da daɗin tsayuwa, amma duk yadda ƙafa ta ƙara nisa daga bol, haka ƙarfin murɗawa ke ƙaruwa a kansa. A KLR650 har ƙafar tsakiya ta kafe babur da ake sayowa daban a kan waɗannan bol ɗin take hawa, ga nauyin babur duka, ga bugun dutse daga ƙasa. In za ka sa irin waɗannan, ka fara gyara notunan tukuna.

Wajen ɗaurin ƙarshe, a wanke haƙoran su rabu da mai da tsatsa, a sa wosha mai tauri wadda ba za ta lotse ba, a ɗiga shuɗin gam ɗin noti irin Loctite 243. Jan gam ɗin ya fi ƙarfi, amma ba ya kwantuwa sai an gasa shi da wuta, ranar da kake son cire mariƙin a daji za ka yi da-na-sani. Da ka gama ɗaurewa, ka ja layin farin fenti daga kan bol zuwa jikin mariƙi. Kafin kowace fita daji ka sunkuya ka duba layin, in ya rabu biyu bol ya juya, sai ka taka matakin da ƙarfi ka saurara ko zai yi ƙara.