Shahon da na yi wa suna tun ban gan shi ba

Cikin watan Janairu ne na hau duwatsun Shere, gabas da Jos, rataye da kyamarar da na saya ta hannu. Hazo ya sauko sosai, ko gidajen da ke ƙasa da ƙyar ake gani. Can sai na hango wani ɗan shaho a kan tsinin dutse, nisansa zai kai tsawon filin ƙwallo biyu. Na zuƙo shi iya ƙarfin kyamarar, na ɗauka sau biyu, sai ya tashi. Ko bin sa da ido ban yi ba, don na riga na sunkuya ina duba abin da na samu. Daga nan duk sauran kurakuraina suka samo asali.

Mu dai duk shaho muke ce musu, amma ƙananan nan da masu kallon tsuntsaye ke kira kestirel iri-iri ne. Akwai na gida, Falco tinnunculus, wanda ke tare da mu duk shekara, shi ne kake gani ya tsaya cak a iska yana kaɗa fukafukai yana duban ƙasa. Akwai ja mai dogon bindi, Falco alopex, ɗan duwatsu, wanda bai cika wannan tsayuwar ba. Akwai mai ruwan toka, Falco ardosiaceus, da rawaya kewaye da idonsa. Sannan akwai baƙo, Falco naumanni, mai yin ƙwai a kudancin Turai da Asiya, ya zo Afirka cin rani. Wannan baƙon nake mafarkin gani. Na karanta cewa a 2007 an iske fiye da 28,000 suna kwana wuri guda kusa da Kaolak a Sanigal, tun daga nan ya shiga raina.

Da na koma gida na ɗora hoton a kwamfuta, na yi ta faɗaɗa shi, na ƙara haske, na ƙara kaifi. Gadon bayan tsuntsun ya fito sumul, ba ɗigo ko ɗaya, kuma na san namijin baƙon haka yake, na gida ne mai ɗige-ɗige baƙaƙe a baya. Na ma ga kamar akwai shuɗi-shuɗi a fiffiken. Nan take na rubuta sunansa a littafina, na kuma gaya wa abokai.

Bayan kwana biyu na kai wa wani dattijo da ya daɗe yana wannan harka, tun kafin a san da kyamarar waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, faratansa wane launi ne?"

Na ce, "Baba, ai ba sa fitowa, ya yi nisa."

"To, da ya tashi, shi kaɗai ne ko da 'yan'uwansa? Bakin fukafukansa ina ya tsaya a jikin bindin?"

Ba ni da amsa ko ɗaya. Ya ce in buɗe masa hoton asali, wanda ban taɓa ba. Tsuntsun bai fi ƙwayar wake ba a ciki. Ya nuna mini dutsen da yake kai, wanda na san cike yake da tsaga da tabo, ga shi nan shi ma ya fito sumul. Hazo da nisa ne suka shafe ɗigon, idan ma akwai shi, shuɗin kuwa ni na haife shi da hannuna lokacin da nake ƙara kaifi. Wallahi na ji nauyi, domin na riga na baza labari.

Ƙannena masu fara wannan abu, ku riƙe dabarar dutsen nan, ta fi duk abin da zan gaya muku amfani. Kafin ka yarda da launi ko zane a jikin tsuntsun nesa, dubi reshe ko dutsen da ke kusa da shi. Idan abin da ka san yana da zane ya fito fili, to jikin tsuntsun ma ba abin dogaro ba ne. Hasken yamma na mayar da mai ƙasa-ƙasa ja wur, sai ka ɗauka ɗan duwatsu ne. Ƙurar hunturu kuma na mayar da kowa ruwan toka. Siffa ce ba ta cika ƙarya ba: tsawon bindi, faɗin fiffike, girman kai. Baƙon idan ya zauna, bakin fukafukansa kan kai kusa da ƙarshen bindi, na gida kuwa nasa kan tsaya baya. Faratan baƙon fari-fari ne, na na gida baƙi, amma wannan sai tsuntsun yana kusa. Macen baƙon da ta na gida kuwa kama suke ƙwarai, har ƙwararru kan bar su ba suna.

Kada kuma ka yi rowar ɗauka. Hoto ashirin marasa kyau, wani daga gefe, wani yana tashi, wani bindi a buɗe, sun fi guda ɗaya da ka kwana kana gyarawa. Da ya tashi, sauke kyamara ka bi shi da madubin hangen nesa har ya ɓace. Rubuta wata, da wurin da ka gan shi, da abin da yake yi, tun kafin ka buɗe littafin tsuntsaye, don da zarar ido ya ga zanen littafi sai ya fara tuna abin da bai gani ba. Wurin ma shaida ne: ɗan shaho mai jan ƙeya da ka gani a kan giginya ba ɗaya yake da na kan dutse ba.

Abin bai tsaya kan kunyar mutum ɗaya ba. A Laminga, kusa da dajin Amurum, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, kuma aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da irin rahotannin mutane kamarmu ake gina shi. Suna ɗaya na kuskure kan zauna a cikin bayanai shekaru, wani ɗalibi ya zo ya dogara da shi.

A ranar na soke sunan daga littafina, na rubuta: ɗan shaho, kestirel, ba a tantance ba. Na bi abokan da na gaya wa ɗaya bayan ɗaya na janye maganar. Na koma Shere sau da dama cikin wancan hunturun, na ga na gida, na ga jan mai dogon bindi yana shawagi a gefen dutse. Baƙon dai har yau ina jiran sa.