Tes ɗin da na tura wa Baba ana gobe gwajin tuƙina

Wajen ƙarfe 10 na dare na fito tsakar gida zan kwashe shanya, kawai sai na hango bangon da ke bayan motar Yaya yayi jajir. Da farko na ɗauka hasken gidan maƙwabta ne, sai da na matsa na ga ashe fitilun birki ne a kunne, duka biyun har da ta saman gilas, alhali motar a kashe take tun bayan magariba kuma makullin yana cikin jakata. Na buɗe na shiga na taka birkin na saki, na sake takawa na saki, na murza makulli na kashe, ko gezau. Gabana ya faɗi, don ko ni da nake lana na san idan suka kwana a haka da safe batir ya tafi, kuma da safen ne ƙarfe 9 zan je gaban jami'an duba motoci na VIO gwajin tuƙi.

Ita kanta motar ba da ita na shirya zuwa ba. Motar makarantar da na koya ce aka ce za a kai mu da ita, wadda na saba da kulocinta, na san daidai inda yake kamawa, to da la'asar ɗin ranar sai malaminmu ya kira ni yace Hajiya ki yi haƙuri mota ta shiga gareji, giya ta ƙi shiga, ko ki samo wata ko ki bari sai wani satin. Wani satin kuma? Ni da na riga na ɗauki izini a wajen aiki, na gama darasi 26 ɗin da ake buƙata kafin makaranta ta ba ka satifiket, takardar lana tana hannu, lambar NIN da hotuna duk na haɗa su a fayil ɗaya tun kwana uku. Shi ne na roƙi Yaya ya bar min tashi tunda zai yi tafiya, ya kawo ta ya ajiye, na yi zagaye biyu da ita a unguwa don hannuna ya saba, na liƙa jan L gaba da baya, na ce shi ke nan an gama.

Ba don gayu na shiga koyon mota ba. Umma ce ƙafa ta matsa mata, duk wata sai mun je asibiti, kuma wanda bai taɓa ɗora tsohuwa mai ciwon gwiwa a adaidaita sahu ba ba zai gane abin da nake nufi ba, yadda za ka tallafe ta ta hau, yadda take cije leɓe duk ramin da aka faɗa, ga jira a bakin titi cikin rana. Yaya yana ƙoƙari amma shi ma yana da gidansa da aikinsa. Ranar da muka tsaya kusan awa ɗaya bayan ruwan sama babu wanda ya yarda ya shiga layinmu saboda taɓo, a ranar na ƙudurta sai na iya tuƙi.

To na kira Yaya, waya a kashe. Sai na tuna bakaniken da ke duba masa motar, dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, ni ma haka na ajiye lambarsa, Baba Bakanike. Na ji nauyin kiran babban mutum a wannan lokacin, kuma ba ya WhatsApp, ƙaramar waya gare shi, sai na ce bari in tura tes in ya gani ya kira. Hannuna har rawa yake, na rubuta Baba a wajen suna na danna na farkon da ya fito, na rubuta:

"Salam Baba, don Allah ka yi haƙuri da dare. Ni ce, gobe da safe zan yi gwajin tuƙi kuma fitilar birki ta ƙi mutuwa, ban san ya zan yi ba, ba kowa a gida sai Umma. Don Allah ka taimaka min."

Na tura na zauna a kujerar direba ƙofa a buɗe ina jira. Ba a fi minti biyar ba waya ta yi ƙara, na duba, sunan da ke saman saƙon Baba ne kawai, babu Bakanike a gabansa.

Shekara 4 ke nan da rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kuma ban taɓa goge lambarsa ba. Na canza waya sau biyu tana biyo ni. Ban taɓa kira ba, ban taɓa turawa ba, tana nan dai, wani lokacin in ina neman wani suna in wuce ta kanta in ɗan tsaya. Na san in layi ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, na sani sarai, amma sani daban ne da ka ga saƙo ya shigo da sunan mahaifinka ƙarfe 10 da rabi na dare. Wallahi sai da na kifa wayar a cinyata na yi ta maimaita innalillahi kafin na iya buɗewa.

Abin da aka rubuto shi ne: "Wa alaikumus salam. Baiwar Allah ina ganin kin yi kuskuren lamba, ba ni ba ne. Na ga abin na gaggawa ne shi ya sa na amsa kar ki zauna kina jira. Allah ya ba da sa'a goben."

Kuma abin da ya sa ya taɓa ni haka, Baba direba ne. Fijo 504 ya ja shekara da shekaru daga tashar Unguwa Uku zuwa Kaduna, irin wadda ake haɗawa a can Kadunan, kullum yana alfahari da ita yana cewa motar gida ce. Ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa, Kwanar Ɗangora, Zariya, inda ake rage gudu da inda ba a tsayawa in dare yayi. Yakan ce shi tun kafin a kafa Road Safety a 1988 yake kan titi kuma bai taɓa buge ko akuya ba. Muna yara in ya dawo sai ya ɗora ni a cinyarsa in riƙe sitiyari daga bakin layi zuwa ƙofar gida, yana cewa ke zan fara koya wa kafin yayyenki don kin fi su natsuwa. Bai koya min ɗin ba, karatu ya ɗauke ni, shi kuma ciwo ya zo. Sai ga shi ana gobe gwajina, kalmomin da da yana raye shi zan faɗa wa, su na tura wa lambarsa ba tare da na sani ba, har da ba kowa a gida sai Umma.

Na share hawaye na rubuta: "Malam ka yi haƙuri, layin mahaifina ne a da, ya rasu. Na gode da ka amsa." Ban yi tsammanin zai ƙara cewa komai ba, sai ga wani: "Allahu akbar. Allah ya gafarta masa ya kai haske kabarinsa. Ashe shi ne. Da na sayi layin wani ya taɓa kira yana neman direba mai Fijo, yace ya taɓa kawo shi Kano kyauta lokacin da aka sace masa kuɗi a tasha, yana so ya gaishe shi. Ban san me zan ce masa ba a lokacin."

Ban san wannan labarin ba. Umma ma da na faɗa mata washegari ba ta sani ba, shiru kawai ta yi sannan tace ai halinsa ne, in ya dawo kuɗin bai cika ba sai yace fasinja ne suka yi ƙaranci.

Amma fa fitila tana nan a kunne, dole na tattaro hankalina. Wannan karon ban tsaya jin nauyi ba, na nemo lambar a hankali na karanta sunan har sau biyu na kira. Ya ɗauka da muryar barci, ina gama bayani yace 'yata kwantar da hankalinki, haska ƙarƙashin ƙafarki ki gaya min me kika gani a kan shimfiɗa. Na haska, sai ga wasu 'yan gutsattsarin roba kamar an farfasa maɓallin riga. Yace yauwa shi ne. Ashe a saman abin taka birki akwai wata 'yar roba da ba ta kai kwabo ba, ita ce take danne makunnin fitilar idan ka ɗaga ƙafa, in ta tsufa ta ruɓe ta zube sai ya zama rami ne a wajen, babu abin da zai danne shi, fitila sai ta yi ta ci ko mota a kashe. Yace in akwai sifana a but ki cire kan batir, mai alamar ɗebewa, baƙar wayar, ki je ki kwanta. Ɗan maƙwabtanmu ne ya riƙe min tocila na kwance shi da kaina, bango ya koma duhu.

Barcin dai sama-sama na yi. Ana idar da sallar asuba sai ga shi a kan mashin, ya kwanta rabin jikinsa a cikin mota, ya sa wani ɗan guntun noti a ramin ya ɗaure, yace wannan zai riƙe kafin Yayanki ya sayo robar. Ko minti goma bai yi ba. Ya mayar da kan batir, mota ta tashi bugu ɗaya, ya sa na taka birki yana tsaye a baya yana cewa taka, saki, taka, saki. Na miƙa masa kuɗi yace in bari sai na ci.

Malaminmu ne ya zo ya raka ni tunda lana ba ya hawa titi shi kaɗai. Jami'in ya duba takardu, ya zagaya motar, ya sa na kunna sigina hagu da dama, na danna hon, sannan yace taka birki, ni kaɗai na san abin da na ji a raina lokacin da ya leƙa baya ya gyaɗa kai. Ya tambaye ni alamomin hanya, wa ke da hanya a shataletale, me layin da bai yanke ba a tsakiyar titi yake nufi. Da muka hau, a wajen ribas mota ta mutu min sau ɗaya don kulocin Yaya yana kamawa tun daga ƙasa ba kamar na makaranta ba, na ji zufa ta karyo min, amma na ja birkin hannu na mayar da giya firi na sake tayarwa na duba madubi na shiga a hankali. Bai ce komai ba sai da muka dawo, ya sa hannu yace Hajiya ki dinga sakin kuloci a hankali, Allah ya tsare. Saura ɗaukar hoto da yatsu, su ba ni lasisin wucin gadi mai kwana 60 kafin ainihin katin ya fito, na shekara 5 na zaɓa.

Ni dai har yanzu abin da nake ta juyawa shi ne mutumin nan da ban san ko sunansa ba. Da ya share kamar yadda yawancinmu muke yi in saƙon da ba namu ba ya shigo, balle yanzu da 'yan damfara suka sa kowa tsoro, da na yi ta zaman jiran bakaniken da bai ma san ina nemansa ba, in gaji in ce ya yi barci in kwanta, da safe in tarar da mota ta ƙi tashi. Layi biyu kawai ya rubuta.

Da yamma na tura masa tes ɗaya, na ce Malam na ci, na gode, ba zan ƙara damunka ba. Ya amsa da Alhamdulillah, Allah ya sa albarka. Na buɗe wajen sunaye da niyyar goge lambar tunda yanzu ta wani ce, na daɗe ina kallonta, ƙarshe dai sunan bakaniken na canza, na mayar da shi Bakaniken Yaya, waccan na bar ta yadda take. Ranar Alhamis Umma za ta koma ganin likita, malaminmu yace zai zauna a gefena, ita kuma tace a baya za ta zauna, ɓangaren da take zama in Baba ne ke ja.