Haƙori, kwano da kwalbar magani: abin da ke sauya bakteriyar hanjin tsoho

Wanda duk ya zauna yana nazarin bakteriyar hanjin tsofaffi, da wuri yake koyon kada ya yi saurin ɗora wa shekaru laifi. Kafin a kalli sakamakon gwajin bayan gida, sai an san me mutumin ke ci, haƙoransa nawa suka rage, da magungunan da yake sha.

Binciken ELDERMET na birnin Cork a ƙasar Ireland, wanda aka wallafa a 2012, ya nuna haka ƙarara. An duba tsofaffi 178. Waɗanda suka daɗe a gidajen kula da tsofaffi nau'o'in bakteriyarsu sun ragu ƙwarai idan aka kwatanta da masu zama a gidajensu, kuma su ne suka fi rauni. Abincinsu kan sauya cikin wata guda da shiga gidan, amma bakteriyar sai ta ɗauki kusan shekara kafin ta koma irin ta mazauna wurin. Wato kwano ne ke gaba, hanji na biye.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dusar hatsi, ɓawon wake da zaren ganye ba sa narkewa a cikinmu, sai sun isa babban hanji. A can ne bakteriya irin su Faecalibacterium prausnitzii ke sarrafa su zuwa wani sinadari, butiret, wanda shi ne babban abincin bangon hanjin. Idan haƙora suka zube, tsoho ya koma kan shayi da burodi da kunun da aka tace, masu yin butiret sai su ragu, bangon ya yi rauni, wannan kuma na iya rura wani kumburi na cikin jiki mai tafiya a hankali da ke tare da tsufa.

Magani kuwa shi ya fi rikita lissafi. Omeprazole, maganin gyambon ciki, na rage tsamin ciki, sai bakteriyar baki su samu hanyar sauka hanji. Metformin na masu ciwon suga ma yana sauya tsarin. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma yana share fili, wata bakteriya mai suna Clostridioides difficile ta mamaye, gudawarta kuma tsofaffi ta fi kayarwa. Ga kuma matsalar samfurin bayan gidan da ake gwadawa: in aka bar shi sa'o'i cikin zafi, wasu nau'o'in kan hayayyafa su ɓata sakamakon. Shi ya sa ake daskarar da shi a digiri 80 ƙasa da sifili, ko, inda wuta ba tabbas, a zuba shi a kwalba mai ruwan adanawa.

A gwajin NU-AGE na mutum 612 masu shekara 65 zuwa 79 daga ƙasashen Turai biyar, waɗanda aka ɗora daga cikinsu kan abinci mai yawan ganye, wake, kifi da man zaitun na shekara guda sun riƙe bakteriyar da ke da alaƙa da ƙarancin rauni. Ba sai an nemo zaitun ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya samu aƙalla giram 25 na irin wannan zaren abinci a rana, kuma wake, gero, dawa, kuka da zogale suna bayarwa. Ga marar haƙori, a dafa wake ya yi luguf a murje shi da ɓawonsa. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni tare da isasshen ruwa, domin in an labta masa a lokaci guda ciki zai kumbura da iska, ya ƙi abincin gaba ɗaya.