Kilimanjaro: shirin da na gani a Moshi da abin da dutsen ya yi mana

Na dawo daga Tanzaniya, gwiwoyina har yanzu ciwo suke, amma bari in rubuta tun ban fara mantawa ba.

Ainihin shirin hawan dutsen a garin Moshi da ke gindinsa aka yi shi. Jagoranmu ya zo masauki da daddare ya ce kowa ya zazzage jakarsa a ƙasa, ya dinga ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya. Rigar sanyin da nake ji da ita ya murza ta da yatsu ya ce wannan ta yawon gari ce. Safar auduga ya ture gefe, wai tana riƙe gumi, in gumin ya huce ƙafa ta daskare. Takalmina da ya ga ya ɗan sha tafiya ne kawai ya gyaɗa wa kai, don sabon takalmi a dutse sai ya sale maka dunduniya. Da safe muka tafi shagon haya, jakar barci, jibgegiyar jaket, sanduna biyu, fitilar goshi. Mai shagon ya yanko kuɗi da dala kamar saya zan yi, na ajiye masa kayansa na nufi ƙofa, ban kai titi ba ya kira ni ya rage, har ya ƙara min safar hannu kyauta.

Kuɗin shiga gandun dajin da dutsen yake ciki kuwa ba ciniki. Dala 70 kowace rana, dala 50 kowane kwanan tanti, dala 20 na ceto, ga haraji a kai, kuma doka ba ta yarda ka hau ba jagora ba. Tsada kam akwai ta, shi ya sa in ka ga wani ya karya farashi sosai to ka sani a jikin 'yan dako zai fanshe.

A ƙofar Machame, inda muka fara hawa, ana auna kayan kowane ɗan dako, kada ya wuce kilo 20, wannan ya burge ni. Wanda bai burge ni ba wani jami'i ne da na yi wa gaisuwa har sau biyu ko ɗago kai bai yi ba, ya fizge robar ruwan da ke hannuna ya wurga a kwando. Eh an hana irin robar nan, amma ai da baki ake faɗa.

Abin da ya fi ba ni mamaki tafiyar hawainiya da jagora ya tilasta mana, har haushi na ji da farko. Akwai wani saurayi a ayarinmu, ƙirji kamar ɗan dambe, kullum shi ne gaba. A wani wuri da ake kira Lava Tower, mita 4,600, ciwon kai da amai suka kama shi, na'urar da ake maƙala mana a yatsa safe da yamma ta nuna iskar jininsa ta yi ƙasa, dole aka sauko da shi. Mu kuma muka gangara zangon Barranco muka kwana, dabarar kenan, a hau sama da rana a kwana ƙasa jiki ya saba. Ruwa lita uku zuwa huɗu kullum, ga ƙwayar Diamox ta rage ciwon hawa sama, mai sa fitsari da tsikarin yatsu, sai ka fita tanti tsakar dare cikin sanyin da hunturu bai isa ya tsaya kusa da shi ba.

Kukunmu Allah ya saka masa. Da ya ga na kasa cin abinci ya kawo min shayin citta da miya mai zafi har bakin tanti, ya cika min gora da ruwan zafi ya ce in tura cikin jakar barci wajen ƙafa. Don Allah duk mai zuwa ya ware kuɗin kyautar waɗannan bayin Allah daban tun kafin ya taso, na ga masu jan ƙafa wajen bayarwa, abin kunya.

Daga Barafu, zangon ƙarshe kafin ƙololuwa, tsakar dare muka tashi, rana ta fito muna Stella Point dab da sama, muka ƙarasa Uhuru, ƙololuwar dutsen, mita 5,895, hoto biyu muka juyo. Saukowa ta hanyar Mweka ita ta kashe min gwiwa, a ƙofar can aka ba mu satifiket.