Wasiƙa daga Suwidin: ga masu gini a Valheim da rufi ke rufta musu

Assalamu alaikum 'yan'uwa,

Ina gaishe ku, da fatan kowa yana lafiya. Daga Suwidin nake rubuto muku, a tsakiyar hunturu, lokacin da rana kan faɗi tun kafin ƙarfe 4 na yamma, mutum ya taso daga aiki ya tarar da dogon dare yana jiransa. A irin waɗannan darare na shaƙu da Valheim, wasan kwamfuta da wani ƙaramin kamfani mai suna Iron Gate ya ƙirƙira a garin Skövde na ƙasar nan, ya kuma fito a Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, a watan Fabrairun 2021. Da yawa daga cikinku da muke haɗuwa muna bugawa kun sha kawo mini kuka iri ɗaya: ka sha wahalar saran itace, ka ta da bango, kana ɗora yanki na ƙarshe na rufi sai ka ji ƙarar karyewa, katako ya zube a gabanka. Har wani ya ce mini ya haƙura da gini, wai wasan ne ya lalace. Wannan magana ta dame ni, domin gini shi ne mafi daɗi a wasan nan, kuma ba na so kowa ya rabu da shi saboda abin da ake gyarawa cikin minti biyar.

Ni ma ta nan na biyo. Babban zaurena na farko a kan gangare na kafa shi, kusa da bakin ruwa. Sau uku ina ɗora ƙolin rufin yana karyewa. Sai na yi abin da hankali zai fara ba kowa, na ƙara ginshiƙai, na jera su kusa da juna, na gicciya katakai a tsakani. Ko gezau. Sai da na gaji na tsaya, guduma a hannu, na riƙa ɗora ta a kan kowane yanki ina duba launin da yake nunawa. Wanda ya taɓa ƙasa shuɗi yake zama. Na samansa kore, daga nan rawaya, sai ruwan goro, sai ja, wanda ke nufin ba zai ɗauki komai a kansa ba. Da na zagaya ta ɓangaren da gangaren ya yi ƙasa, sai na ga ginshiƙin kusurwa kore ne, ba shuɗi ba. Na sunkuya na duba, ashe gindinsa a reto yake, tsakaninsa da ƙasa bai fi tafin hannu ba, ciyawa ta rufe giɓin. Duk wannan ɓangare na rufin daga can nesa yake aron ƙarfi. Na ɗauko fartanya da 'yan duwatsu na ɗaga ƙasar har ta haɗiye gindin. Nan take ya koma shuɗi, ƙolin da yake ja ya dawo rawaya, rufin ya zauna.

Abin da na fahimta a ranar, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa: wasan ba ya lissafin nauyi. Ko ka cika bene da akwatuna maƙil da ƙarfe, ba zai lotsa ba. Abin da yake dubawa shi ne nisan kowane yanki daga ƙasa, ta hanyar da ƙarfi ke bi ya iso gare shi. Kowane taku ƙarfin raguwa yake, kuma ya fi saurin ƙarewa idan gini ya miƙe a kwance fiye da idan ya tashi tsaye. Shi ya sa tara ginshiƙai goma a wuri ɗaya ba ya tsinana komai, alhali guda ɗaya da ya taso daga ƙasa kai tsaye zuwa tsakiyar rufi yakan warware matsalar. Inda katako ya karye a sama yake, amma cutar kusan kullum tana ƙasa.

Kayan gini ma kowanne da iyakarsa. Katako na yau da kullum yakan kai wajen mita 16 a tsaye kafin ya gaza. In kana son wuce haka, sai ka shiga yankin wasan da ake kira Baƙin Daji ka sare dogayen itatuwan fayin, ka samo gungumen da ake yin ginshiƙi mai mita 4 da shi. Bayan an samu baƙin ƙarfe daga fadama sai a yi ginshiƙi mai ƙarfe, wanda ya fi su duka nisa, a kuma kafa teburin sassaƙar dutse. Katakon da aka ɗora a kan ginin dutse mai ƙarfi kamar daga ƙasa ya fara. Haka ma manyan duwatsu da itatuwan da ke tsaye a daji, wasan yana ɗaukarsu tamkar ƙasa, kuma na ga gidaje masu kyau da aka rataya a jikin itace ta wannan hanya.

Na biyu a yawan ƙorafi shi ne hayaƙi, kuma ya fi ban takaici saboda a ɓoye yake zuwa. Ka toshe gidanka ruf don ruwa da sanyi, ka hura wuta, can sai ka ga lafiyarka tana raguwa, ko wutar ta mutu da kanta, gado kuma ya ƙi karɓarka domin sai da wuta a kusa ake barci. Hayaƙin ne ya taru ƙarƙashin rufi ya rasa mafita. In kuma ka buɗe sama fayau, ruwan sama ya kashe wutar. Ni dai yadda nake yi, nakan bar gurbi a daɓen katako domin murhu ya zauna a kan ƙasa, tunda ba ya hawa katako. Sai in ta da bango ta gefe uku ya zarce rufin gidan, in ɗora ɗan guntun jinka a ƙoli, in bar kafa a ƙarƙashinsa. Ka tsaya a waje ka duba: in ka ga hayaƙi yana fita ta kafar, aiki ya yi.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne rufe ɗaki da katakon daɓe. A ido ya rufu, amma a wurin wasan ba rufi ba ne, ruwa yana bi ta ciki. Katakon da ruwa ke duka kuwa yakan yi duhu ya ruɓe har lafiyarsa ta ragu zuwa rabi, sai dai a nan yake tsayawa, kuma gyara da guduma ba ya cin kaya. Teburin aiki, wanda ake ƙera kaya a kansa, shi ma yana buƙatar rufi na gaske, da kariya ta kusan kashi 70 cikin 100 a kewayensa, in ba haka ba zai ce wurin a buɗe yake. Bango uku da jinka sun wadatar.

Maganar hari kuwa, kada ka dogara da shingen katako. Ranar da ƙasa ta fara girgiza, ƙaton dodon nan mai shuɗin jiki ya fito da gungume a hannu, bugu kaɗan zai yi ya kwantar da shi. Abin da maƙiya ba sa iya rusawa shi ne ƙasa. Ka ɗauki diga ka haƙa gwalalo mai zurfi kewaye da gida, ko ka ta da ganuwa da fartanya, amma ka sani ba a haƙawa ko ɗagawa fiye da mita 8 daga asalin wurin. Ka kuma ba da tazara tsakanin gwalalon da bango, saboda masu jifa da duwatsu. Teburin aiki yana hana maƙiya ɓullowa a kewayensa, don haka in kana ganinsu a cikin farfajiya da dare, akwai lungun da da'irarsa ba ta kai ba.

In kuma gida ya girma kwamfuta ta fara ja da ƙyar, danna maɓallin F2 ka ga yawan abubuwan da take ɗauke da su a wurin. Tara kayan da aka zubar a ƙasa da rage fitilun da ba a buƙata yakan sauƙaƙa mata.

Roƙona gare ku, duk wanda rufinsa ya sake karyewa, kafin ya rushe gidan ya turo mini hoto, amma ba na rufin ba. Ya ɗora guduma a kan ginshiƙin da ya fi kusa da ƙasa a ɓangaren da ya karye, ya ɗauka ta yadda zan ga launinsa da gindinsa. In dare ya yi a nan kuna ido biyu a can, sai mu shiga tare mu duba.

Naku,
ɗan'uwanku a Suwidin