Wasiƙa daga Beljiyam zuwa ga masu neman ƙaramar motar dizal a Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwana mutanen Jos, bayan gaisuwa da fatan alheri, dalilin wannan wasiƙa shi ne wani saƙo da ya yawaita zuwa mana nan Beljiyam tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Da wuya ka sami ɗan gida mazaunin nan wanda ƙanensa ko surukinsa ko abokin karatunsa bai roƙe shi ya nemo masa ƙaramar mota ta hannu mai amfani da dizal ba, domin an ji labarin cewa ba ta shan mai, kuma ta fi ta fetur araha a Turai. Duka maganganun biyu gaskiya ne. Duk da haka, a ganina mafi yawan masu wannan buƙata bai kamata su saye ta ba, kuma haƙƙin zumunci ne in faɗi dalilina tun kafin wani ya sayar da filinsa ko ya kwashe kuɗin adashinsa ya turo.

Arahar tana da asali. Shekaru da dama gwamnatocin Turai sun sassauta harajin dizal, jama'a kuma suka raja'a a kansa, har ƙananan motoci irin su Polo da Golf da Clio da Corsa da Fijo 206 da 207 aka riƙa ƙera su da injin dizal. A watan Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin Volkswagen ya sanya wa motocinsa wata manhaja da ke ɓoye yawan gubar hayaƙinsu a lokacin gwaji, kamfanin kuma ya amsa cewa abin ya shafi motoci kusan miliyan 11 a duniya. Daga nan al'amura suka juya. Birnin Antwerp ya fara hana tsofaffin motocin dizal shiga tsakiyarsa a 2017, Burasels ta bi sahu a 2018, kuma tun Janairun 2022 motar dizal mai matakin hayaƙi na Euro 4 ba ta da izinin yawo a cikinta. Hamburg da Stuttgart a Jamus ma sun kafa nasu takunkumin. Mutumin da motarsa ba za ta kai shi wurin aiki ba sai da tara, dole ya rabu da ita a kan kowane farashi.

Inda waɗannan motoci ke taruwa shi ne titin Heyvaert, a gefen mashigin ruwa na Burasels. Gareji ne ke bin gareji, motoci a jere hanci da wutsiya, an rubuta farashi da alli ko da fenti a jikin gilashi, dillalai na tsaye a bakin ƙofa suna tare duk wanda ya rage tafiya, ana ciniki da Faransanci da Larabci da harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Da yamma manyan motoci masu hawa biyu kan loda su zuwa tashar jiragen ruwa ta Antwerp. A wani rahoto na 2020, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Motar da aka kora daga titunan nan saboda hayaƙinta ita ce ake yi wa wanka, a ɗauki hotonta, a turo muku ta waya.

Babbar matsalar kuwa tana cikin salansa. Tun daga matakin Euro 5, wanda ya fara aiki a 2009, kusan kowace ƙaramar motar dizal tana ɗauke da matatar hayaƙi da ake kira DPF, kamfanin Fijo ma ya riga kowa, domin tun shekarar 2000 ya fara sanya ta. Aikinta shi ne tare baƙin toka, kuma idan ta cika sai injin ya ɗaga zafin salansa zuwa kimanin digiri 600 ya ƙone tokar. Wannan ƙonewa ba ta kammaluwa sai mota ta sami tafiya miƙaƙƙiya ta minti ashirin ko fiye ba tare da tsaye-tsaye ba. To, ku dubi zirga-zirgar ma'aikaci ko ɗan kasuwa a Jos: daga Unguwar Rogo ya sauke yara a makaranta, ya kutsa cikin cunkoson Terminus, ya ajiye mota a ƙofar shago har la'asar. Injin bai gama ɗumama ba an kashe shi. Kullum matatar na fara ƙona toka ana katse ta, man da aka fesa domin wannan aiki yana gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi, har wata rana fitila ta kama a gaban direba, mota ta ƙi wuce gudun keke. Wanda ke zaune a Abuja yana fama da cunkoson Nyanya da Mararraba safe da yamma, halin da zai shiga ke nan. Sababbin cikinsu, masu matakin Euro 6, da yawa sun ƙara da wani ruwa mai suna AdBlue, wanda idan ya ƙare kwamfutar motar ba za ta bar injin ya tashi ba.

Sai batun man da kansa. Tun 2009 dokar Tarayyar Turai ba ta yarda sinadarin sulfa a cikin dizal ya wuce kashi 10 cikin miliyan ba, kuma a kan wannan ma'auni aka ƙera injinan. Nijeriya ta daɗe tana karɓar dizal mai kashi 3,000 cikin miliyan. An tsaurara ƙa'idar a 'yan shekarun nan, matatar Dangote ma ta fara fitar da dizal a 2024, kuma wannan ci gaba ne da ya kamata a yaba. Sai dai abin da ya fito daga matata daban, abin da ya shiga tankinka daban, musamman idan tafiya ta kama ka a inda babu sai 'yan bumburutu da jarkokinsu. Tsohon injin tifa ko janareto yana haɗiye dizal mai ruwa ko wanda aka gauraya da kananzir ya ci gaba da aiki. Ƙaramin injin zamani kuwa yana tura mai da ƙarfin da ya kai 1,600 zuwa 2,000 a ma'aunin matsi na bar, ta ramukan nozul masu siranta kamar gashin kai, kuma man ne da kansa ke sanya wa famfon santsi. Jarka guda ta gurɓataccen mai ta isa ta cinye famfon, ɓarɓashin ƙarfensa ya bi bututu ya lalata nozul huɗu a lokaci ɗaya.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: ai kanikawanmu za su fasa matatar su zubar da cikinta, su toshe bawul ɗin EGR mai mayar da hayaƙi cikin injin, su shafe su daga kwamfuta, shi ke nan. Ana yin haka, wani lokaci ma motar takan saki jiki. Amma ina roƙon ku ku tsaya a kan wannan. Tokar da matatar ke tarewa ba ɓacewa take yi ba, tana fita ne daidai tsayin hancin yaron da ke tsallaka titin Bauchi da mai tallar da ke zaune a bakin hanya da ɗan acaɓan da ke biye da kai. Tun a watan Yunin 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar huhu. Garinmu da aka sani da iska mai daɗi bai cancanci mu mayar da shi juji na abin da wasu suka ƙi shaƙa ba, kuma wannan ne ya fi damuna a cikin lamarin gaba ɗaya.

A yi lissafin kuɗin ma. A kan babbar hanya ƙaramar motar dizal kan sha kimanin lita 4 zuwa 5 a kilomita ɗari, takwararta ta fetur kuma lita 6 zuwa 7. Wanda ke yin kilomita 8,000 a shekara, abin da zai rage kimanin lita 160 ne, alhali dizal a Nijeriya ya daɗe ba shi da tallafi, kuma yawancin lokaci litarsa ta fi ta fetur tsada. Gyaran turbo ɗaya, ko sauya kuloci da faifansa mai ɓari biyu da ake sanya wa irin waɗannan motoci, zai lashe ribar shekaru. Ga baƙin mai na musamman mai ƙarancin toka da matatar ke buƙata a kowane juye, wanda ba a kowane shago ake samun na gaskiyarsa ba. Araha dai ba ta ado.

Akwai wanda motar ta dace da shi, kuma ba zan ɓoye ba. Mutumin da ke bin hanyar Jos zuwa Abuja ta Akwanga da Keffi duk mako, ko mai zuwa Bauchi da Gombe a kai a kai, shi ne aka ƙera ta dominsa. Tafiyar za ta tsabtace matatar, ragin man zai taru ya zama kuɗi, kuma a Hawan Kibo zai ga amfanin turbo, domin Jos na bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda injin da ba shi da turbo ke rasa wani kaso na ƙarfinsa. Tsofaffin injinan da ba su da tarkace, irin su 1.9 TDI na Volkswagen, sun yi suna wajen juriya, sai dai dokar shigo da mota ta sa iyakar shekaru, don haka masu sauƙin sun tsufa, waɗanda shekarunsu suka dace kuma su ne masu wuyar sha'ani.

Idan kana cikin waɗannan kuma ka ƙudura, kada ka yarda da lambar kilomita da ke gaban sitiyari, domin mayar da ita baya aikin 'yan mintoci ne. A Beljiyam tun 2006 akwai takardar Car-Pass, wadda ke nuna kilomitan da aka rubuta wa mota a duk lokacin da ta shiga gareji ko wurin gwajin lafiyarta. Ka ce wa wakilinka ya turo maka hotonta, ka gwada lambar shasi da ke jikinta da ta jikin motar, ka kuma nemi littafin juye da shaidar ranar da aka sauya bel ɗin tayimin. A tayar da motar da sassafe, bayan an taɓa injin an ji shi da sanyi, domin dillali mai wayo yakan ɗumama ta kafin mai saye ya iso. Injin da ya yi ta tari kafin ya kama a nan, a sanyin Disamba na Jos sai an tura shi, kuma yawanci hita ne ko batir ko nozul suka gaji. Hayaƙi mai shuɗi alamar injin ko turbo na cin baƙin mai ne. A zaro sandar awon mai, idan ya haura alamar cika kuma yana warin dizal, matatar ta daɗe tana wahala. A leƙa ƙarƙashinta da tocila, saboda gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe ta ciki alhali fenti na ƙyalli a waje.

Kada arahar motocin Ingila ta ruɗe ka. Dokar hayaƙin Landan, wadda ta game dukan birnin a Agustan 2023, ta zubar da farashinsu, amma sitiyarinsu na dama ne, Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972 kuma ba ta yarda da irinsu ba, mayar da sitiyari a gareji kuma wasa ne da rai. Haka nan tun Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, saboda haka duk wanda ya kawo maka 'yar Kwatano, ka tabbatar da takardun kwastan ɗinta a ofishinsu kafin ka biya, ba a hannun dillali ba.

Kafin duk wannan, ka taka da ƙafarka zuwa Farin Gada ka nemi bakaniken da ke da na'urar karanta kwamfutar wannan samfurin, wanda ya taɓa kwance nozul irin nata ya mayar, sannan ka zaga Dilimi ka tambayi kuɗin nozul ɗaya da famfo da turbo, da kwanakin da za a yi kafin su iso daga Ladipo a Legas. Idan ka sami mutumin, ka ji farashin kuma zuciyarka ta ɗauka, sai ka turo saƙo a fara nema. Idan ba ka same shi ba, ka bari a nemo maka ƙaramar mai fetur.

Ina gaida iyaye da malamai da dukan 'yan'uwa. Allah Ya tsare hanya, Ya zaunar da Filato lafiya.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Burasels.