Abin da Tafiya a Ƙasa ta Koya Mini a Bolonya

Na je Bolonya da ke arewacin Italiya domin karatun tsarin birane, a jami'ar da ake ƙirga kafuwarta daga shekarar 1088, kuma mafi yawan abin da na ƙaru da shi game da garin a kan ƙafa na same shi, tsakanin masauki da aji da ofisoshin da dole kowane baƙo ya bi. Da farko tsimin kuɗin mota ne ya sa nake takawa, daga baya kuma na gane cewa tsohon garin an gina shi ne don mai tafiya a ƙasa, wanda ya shiga bas kuwa gefe-gefensa kawai yake gani.

Fasalin garin ba ya da wuyar kamawa ga wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina, domin gari ne mai ganuwa da ƙofofi. An rushe ganuwar a farkon ƙarni na 20, aka shimfiɗa titin zobe a gurbinta, amma ƙofofi 10 daga cikin 12 suna nan tsaye. A tsakiya akwai hasumiya biyu, Asinelli mai tsawon kusan mita 97 da Garisenda wadda ta karkace, kuma daga gindinsu ne manyan hanyoyi suke rarrabuwa, kowace ta nufi ƙofarta. Via Zamboni, inda jami'a take, tana kai mutum ƙofar Porta San Donato, Strada Maggiore kuma ta miƙe zuwa ƙofar Porta Maggiore. Da zarar baƙo ya riƙe wannan a kai, ya rage dogaro da taswirar waya, domin kowane lungu ya shiga ya san tsakanin waɗanne hanyoyi biyu yake.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne barandojin da suka rufe gefen tituna, waɗanda tsawonsu a faɗin garin ya kai kimanin kilomita 62, kuma UNESCO ta sanya wasu sassansu cikin kayan tarihi na duniya a 2021. Asalinsu matsin wurin kwana ne. Da ɗalibai da mutanen karkara suka cika gari, masu gidaje suka riƙa faɗaɗa benensu zuwa kan titi suna tokare shi da ginshiƙan katako, irin waɗanda har yau ake gani a wani tsohon gida mai suna Casa Isolani. Wasu garuruwan sun hana wannan gini, amma hukumar Bolonya ta mai da shi wajibi a 1288, ta kuma ƙayyade tsayinsa yadda mai doki zai wuce ba tare da ya sauka ba. Ƙasan barandar na mai gida ne, shi yake gyara shi, amma ba shi da ikon hana kowa bi. Wannan tsari ana iya karanta shi da tafin ƙafa: a gaban wani gida daɓen marmara ne mai sheƙi, taku kaɗan sai ya koma tsohon tubali da ya lotsa a tsakiya, sai kuma matakala guda ko biyu inda gida na gaba ya fi tudu. Mun sha karanta batun hakkin jama'a a kan filin mutum a cikin littattafai, amma sai da na ga wata tsohuwa tana goge gaban gidanta da sassafe mutane suna ratsawa suna gaishe ta na fahimci yadda dokar take aiki. Tsarin dai ba ya rasa aibi, domin matakalan nan wahala ce ga mai keken guragu da mai tura jariri.

Zaman gari kuwa yana da nasa hanyoyin. Baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba dole ne ya nemi takardar izinin zama cikin kwanakin aiki 8 da isowarsa, yana farawa daga gidan waya kafin a ba shi ranar zuwa ofishin 'yan sanda domin ɗaukar hoton yatsu, kuma kusan babu abin da zai yi, daga haya har asusun banki, sai da lambar haraji. Yawon waɗannan takardu ya nuna mini lokutan garin. Ƙananan kantuna da yawa suna rufewa da azahar su sake buɗewa da la'asar, a ƙarshen mako kuma ana hana motoci bin manyan titunan tsakiya uku, wato Rizzoli da Ugo Bassi da Indipendenza.

A kasuwar Quadrilatero da ke bayan Piazza Maggiore, babban dandalin garin, na koyi cewa mai saye ba ya taɓa kayan marmari da hannu, nunawa yake yi mai kaya ya zaɓo masa, kuma shiga shago ba gaisuwa rashin ɗa'a ne kamar yadda yake a gida. Musulmi kuma sai ya yi tambaya kafin ya ci, domin abincin da garin yake alfahari da shi, kamar mortadella da tortellini, da naman alade ake yinsa, har wani burodin ma da kitsensa ake kwaɓawa. Naman halal ana samunsa idan an tsallaka gadar da ke bayan tashar jirgin ƙasa zuwa Bolognina, unguwar ma'aikata da baƙin haure. A jikin tashar akwai agogon da aka bari tsaye a kan ƙarfe 10:25, lokacin da bam ya tashi ranar 2 ga Agusta 1980 ya kashe mutane 85, kuma duk shekara mutanen gari suna tattaki zuwa wurin.

Mafi amfani gare ni shi ne bin hanya ɗaya kullum a lokaci ɗaya. Sabuwar hanya tana nuna gine-gine, amma maimaita tsohuwa ne yake sa mai jarida da mai gahawa su san fuskar mutum, kuma daga bakin irinsu na ji labarin ɗakin haya a lokacin da ɗalibai suke rububin kowane gurbi. Ɗakin yana wajen titin zobe, inda barandoji suka yi ƙaranci, don haka a lokacin sanyi rabin tafiyata zuwa aji da lema nake yinta, sauran rabin kuma a ƙarƙashin rufi.